Mijin Gwaggona Ɗan Filifin

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Mijin gwaggona ya rasu a gidansa na unguwar Yantala wata ranar Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan la'asar. Na sha zuwa zaman makoki a garin Yamai, amma ban taɓa ganin wanda masu gaisuwa suka zo da tambayoyi kamar nasa ba. Mutum zai durƙusa ya yi addu'a, ya shafa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, sai kuma ya ɗan matso ya rage murya.

"Don Allah, Madam, wai shi marigayin ainihi mutumin wace ƙasa ne?"

Wanda ya fara yi mini wannan tambaya tela ne, mutumin Maraɗi, da ya daɗe yana yi masa ɗinki. Na ce masa ɗan Filifin ne. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, sa'an nan ya ce, "To ita Filifin ɗin a cikin ƙasar Sin take, ko kuwa?"

Matan maƙwabta, Zabarmawa, suka shigo da gaisuwar ta'aziyya irin tasu, suna ta "Fonda tilas, fonda tilas." A cikinsu akwai tsohuwar da ke sayar da kwaɗon zogale a bakin hanya. Ta kama hannun gwaggo ta yi kuka sosai, da ta share hawaye sai ta ce, "Yanzu wa zai riƙa tsare ni da tambaya in rasa masu saye?" Sai ga matan da ke kuka suna dariya.

A waje, wurin maza, wani direban taksi ɗan Tawa ya tsaya don ya ga rumfa. Da aka gaya masa wanda ya rasu, ya kashe mota ya zauna. Ya ce ya taɓa ɗauko shi daga kasuwa, mota ta tsaya musu a hanya, shi kuma ya ce kash, ta mutu. Da ya taɓa wata waya a injin ta tashi, sai tsohon ya leƙo daga baya ya ce, "Malam, ɗazu ka ce ta mutu. Yanzu tashin kiyama ta yi, ko da ma suma ta yi?" Suka kama gardama har suka wuce ƙofar gidan ba su sani ba. Direban ya ce tun daga ranar, duk lokacin da motarsa ta tsaya sai ya ji bakinsa ya ce ta suma.

Duk unguwa Shinuwa suke ce masa, wato ɗan ƙasar Sin. Ya gyara musu har ya gaji, ya koma amsawa. Mu 'ya'yan dangi Tonton muke ce masa, wato kawu da Faransanci. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ba na son a tuna da shi da sunan ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Ƙasarsu tsibirai ce rututu a cikin teku, can gabas, bayan an wuce Makka da nisa. Wannan ya fi komai ɗaure mana kai muna yara, wai su in za su yi salla yamma suke fuskanta. Ya ce ranar da ya sauka Yamai, ya shimfiɗa darduma yadda ya saba, ya kalli mafaɗar rana ya tayar da salla. Mai gadin masauki ya jira ya sallame, ya zo ya juya masa dardumar ba tare da ya ce komai ba. Yakan ce darasinsa na farko ke nan a Nijar, kuma ba da baki aka ba shi ba.

An haife shi a kudancin ƙasar, a bakin wani babban tafki, cikin mutanen da suka gaji Musulunci kaka da kakanni. Ya yi karatu har ya kai babban birninsu, ya zama masanin harsuna, ya koyar a jami'a. Daga baya gwamnatinsu ta ɗauke shi a ma'aikatar ilimi, ya zama babba cikin masu duba makarantu. Aikin nan ya kai shi tsibiri-tsibiri a cikin jirgin ruwa, kowane tsibiri da harshensa, amma karatu da Ingilishi ake yi. Ya ce abu guda ya riƙa gani ko'ina. Yaran da suka cika fili da surutu, da an kaɗa ƙararrawa sun shiga ɗaki sai su zama kamar an ɗinke musu baki. Ya rubuta, ya yi magana a taro, ya nace cewa a fara wa yaro karatu da harshen da uwarsa ke yi masa magana da shi. Wasu suka saurara, wasu suka gaji da shi. Ana cikin haka matarsa ta rasu, ɗiyarsu guda ta riga ta girma tana jami'a. Sai aka nemi masani ya zo Nijar ya taimaka wa ma'aikatar ilimi a gwajin da ake yi na koyarwa da Hausa da Zabarmanci. Ya ce ya buɗe taswira ya ga ƙasar ba ta taɓa teku ko ta gefe guda, abin ya ba shi mamaki, ya ce bari ya je ya ga yadda mutane ke rayuwa a haka. Zuwan ɗan lokaci ne ya zama zama.

Gwaggona, ƙanwar babana, tana koyarwa a ɗaya daga cikin irin waɗannan lakwal ɗin, wato makarantun boko. Mijinta na fari ya rasu, ba ta kuma da niyyar sake aure. Ta ce rana guda aka ce baƙo zai zo daga ma'aikata, ta share kalas, ta aje masa kujera kusa da allo. Da ya shigo ya wuce kujerar, ya je ya matsa tsakanin yara a benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Tana cikin darasi ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Madam, don me ake ce wa wannan ɗan yatsa? Ina uban yatsan yake?"

Yara suka bushe da dariya. Gwaggo ta ce a ranta, wannan baƙo ko wawa ne ko mai wayo ƙwarai. Ta ce sai da ta aure shi ta gane ba ko ɗaya ba ne, shi dai da gaske yake son sani.

Babana bai so auren ba da farko. Ya kira shi gida, ya ce an ce Musulmi ne, to ya karanta masa abin da ya sawwaƙa. Tonton ya rufe ido ya ja wata sura mai tsawo da irin muryar garinsu, mai hawa da sauka kamar ana lilo. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Karatun dai babu gyara. Muryar ce ban san inda aka samo ta ba." Aka ɗaura aure. Tun daga nan Tonton yake ce wa Baba Yaya, ko da yake ya girme shi, Baba kuma yana ce masa Dokta.

Hausarsa a bakin gwaggo da ƙawayenta ya koye ta, saboda haka ta fito da maganar mata a ciki. In shayi ya zube masa sai ka ji ya ce, "Ni 'yasu!" Sa'an nan a harshensu babu bambanci tsakanin shi da ita, kalma guda ce. Har ya mutu bai daina gauraya su ba. Ya sha gaida liman ya ce, "Kin tashi lafiya?" Liman yakan amsa masa lafiya lau, ya ce wa masu dariya su bar shi, Allah ya san nufinsa.

Kalma in ta burge shi sai ya yini yana juya ta a baki. Ranar da ya gano cewa sunayen ranaku a garinsu kusan irin namu ne, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mana kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a tasha. Haka ya yi da zogale. Ya ce a bayan kowane gida a ƙasarsu akwai itacen, bai taɓa zaton zai same shi a nan ba. Da ya gan shi a garakan Gudel, lambunan bakin kogi, ya tsaya ya dafa shi ya ƙi saki, mai garka har ya zaci ba shi da lafiya. Yakan shiga madafa da kansa ya dafa kaza da citta da ganyen zogale, ya yanka ɗanyar gwanda ya zuba a ciki. Gwaggo takan tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Malam, gwanda a miya? Ka bari ta nuna mana."

"Ki ɗanɗana tukuna, sa'an nan ki yi faɗa."

Takan ɗanɗana, ta yi faɗan, ta kuma ƙara.

Faɗan da ya fi kowanne kuwa tsakaninsa da babana ne, kuma a wuyana ya fara. Baba shi ne direktan wata lakwal a unguwar Talaje, inda nake karatu. Mutum ne da Faransanci ya fitar da shi daga ƙauye a ƙasar Damagaram ya kawo shi inda ya kai, yana kuma ji da shi. A lakwal ɗinsa akwai abin da ake kira sambol, wani ƙashin muƙamuƙin akuya da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci sai a rataya masa a wuya. Shi kuma ya yini yana kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi zai kwana da shi, gobe ya sha bulala. Rana guda ya kwana a kaina, don na ce wa ƙawata ta ara mini alli. Na ji tsoron Baba, sai na wuce gidan gwaggo da abin a ƙarƙashin riga.

Tonton ya hango igiyar, ya matso da fara'arsa ta son sani. "Ɗiyata, wannan laya ce? Ta mece ce?"

Na yi masa bayani. Ina magana ina ganin fara'ar tana barin fuskarsa. Ya zauna a kan turmi. Ya ce lokacin da yake yaro, a makarantarsu ɓawon kwakwa ake rataya musu, kuma ya fi kowa kwana da shi, don bakinsa ba ya shiru. Ya ce, "Na ratsa teku da hamada, ashe abin nan ya riga ni zuwa." Ya cire shi daga wuyana ya ce in je in ci abinci.

Washegari da safe, ana tsaye a layi a filin lakwal, sai ga Tonton ya shigo da kwat ɗinsa ta zuwa ofis, ƙashin akuya na lilo a ƙirjinsa. Ya gaida malamai da Hausa, ya gaida yara da Zabarmanci, ya je gaban Baba ya ce, "Yaya, tun asuba nake Hausa, kuma ba ni da niyyar dainawa. In bulala ce ga ni." Yara suka ƙyalƙyale. Baba ya juya ya shiga ofishinsa. Tonton ya bi shi. Tagar ofishin a buɗe take, kalas ɗinmu kuma na jikinta, duk mun ji.

Baba ya ce, "Dokta, ka ci mini mutunci a gaban yaran da nake horo. Amma bar wannan. Kai da wane harshe ka yi digirinka? Da wane harshe aka ɗauke ka aiki aka sa ka a jirgi? Kun hau da harshen Turawa, kun kai sama, yanzu ku ce namu 'ya'yan su tsaya da Hausa. Jarrabawar ƙasar nan da Hausa ake yin ta?"

Tonton ya ce shi bai ce a bar Faransanci ba. Ya ce a fara da abin da yaro ya sani, sa'an nan a kai shi ga wanda bai sani ba, kuma yaron da aka koya wa jin kunyar maganar uwarsa an karya masa wani abu da ba ya ɗoruwa.

Sai Baba ya ce, "To ɗiyarka da ke can, tana jin harshen uwarka?"

Muka ji Tonton ya ce, a hankali, "Ba ta ji." Ya cire ƙashin ya aje a kan tebur ya fita. Daga baya gwaggo ta gaya mini cewa a babban birni suka rene ta, da Ingilishi da harshen birnin, don suna son ta ci gaba. Yana yawon tsibirai yana faɗa a kan 'ya'yan mutane, tasa tana gida tana girma ba ta san yadda ake gaida kakarta ba.

Sun daɗe ba sa magana. In sun haɗu a suna ko jana'iza sai musabaha kawai. Sambol ya ɓace daga lakwal ɗin Baba ba tare da sanarwa ba, amma Hausa ba ta shiga kalas ɗinsa ba har ya aje aiki. Ni da na zama malama yau, nakan fara wa yara da Hausa, iyayensu kuma su tare ni a ƙofa su ce yaushe za a fara karatun gaske. In na ji haka nakan tuna su biyun, har yanzu ban iya ce wa ɗaya ya yi ƙarya ba.

Abin da ya sasanta su ciwo ne. Hawan jini ya buge Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka dawo da shi gida, Hausa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, ruwa, to, a'a, sunan mamata. Faransanci kuwa ko kalma. In an kunna masa labarai a rediyo sai ya riƙa motsa leɓe, hawaye na bin kuncinsa. Ba wanda ya aika wa Tonton, sai ga shi da hantsi a taksi. Ya yi sallama ya zauna a bakin tabarma, Baba ya juya fuska bango. Gobe ya dawo, jibi ya dawo. Ya riƙa zama yana ba Baba labarin gari da Faransancinsa, wanda da ma a tsufa ya koye shi, duk a karkace. Ni ina jin kurakuran suna sukar kunnena, balle Baba.

Wata rana ya leƙa tsakar gida ya ce, "Kai, Yaya, la soleil yau ba sauƙi."

Baba ya daki tabarma da hannunsa mai lafiya. Bakinsa ya yi ta rawa, sa'an nan ya fito da ƙarfi, "Le! Le soleil!"

Mamata ta saki kwanon da ke hannunta. Tonton bai nuna ya ji wani abin mamaki ba, ya ce, "Amma Yaya, a Hausa rana mace ce. Yaya aka yi ta je Faransa ta zama namiji?"

Baba ya ce, "Hausa daban!"

Daga nan aka ɗora. Kullum Tonton ya zo ya yi kuskure, Baba ya gyara masa cikin fushi, har ya kai yana haɗa jimla. Bai taɓa ce masa ka ga harshen da ya fara dawo maka ba, ko da wasa. Na taɓa raka shi bakin titi na tambaye shi ko da gangan yake kurakuran nan. Ya yi dariya ya ce, "Rabi da rabi, ɗiyata. Rabin Allah ne ya hore mini." Da Baba ya rasu, Tonton na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Nasa ciwon bai ja lokaci sosai ba. A kwanakin ƙarshe ya daina Hausa, ya daina Faransanci da Ingilishi, ya koma harshen garinsu, wanda babu mai jinsa a duk Yamai. Akwai wata 'yar magana da yake ta maimaitawa, idonsa a buɗe yana kallon sama, fuskarsa ba alamar wahala. Gwaggo ta shiga damuwa. Ta ce ko wasiyya ce, ko wani abu yake roƙo ta kasa ba shi. Ta riƙa bin bakinsa tana faɗa har ta haddace ta kamar aya, ba ta san ma'anarta ba.

Ɗiyarsa ba ta samu jana'iza ba, sai sadakar arba'in ta iso. Mace ce mai furfura a goshi, da idon ubanta sak. Ta rungume gwaggo suka yi kuka ba mai jin maganar wani, ni ce a tsakiya da ɗan Ingilishina na lakwal. Bayan an watse, gwaggo ta zaunar da ita ta faɗa mata maganar nan. Ta saurara, ta ce a sake. Sa'an nan ta sunkuyar da kai ta ce ta san harshen ubanta ne, amma ba ta jin sa.

Sai ta ɗauko wayarta ta ce akwai yayar ubanta, tsohuwa ƙwarai, tana nan da rai a bakin tafkin. Aka kira, fuskar wata 'yar tsohuwa da farin lulluɓi ta fito, ta yi mana sallama irin tamu, muka amsa. Gwaggo ta riƙe wayar da hannu biyu ta faɗi maganar, a hankali, yadda ta ji ta. Tsohuwar ta kawo kunnenta kusa. Gwaggo ta sake faɗa. Sai tsohuwar ta fashe da dariya, ta yi ta yi har dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da lulluɓi.

Da ta natsu ta yi wa ɗiyar bayani da harshen birni, ɗiyar ta gaya mini da Ingilishi, ni kuma na juya wa gwaggo da Hausa. Ta ce suna yara, ƙanen nata yakan kwanta rub da ciki a kan kwalekwalen ubansu, ya leƙa cikin ruwa yana kallon kifaye. In rana ta yi ƙasa uwarsu takan fito bakin gaɓa ta ƙwala masa kira ya taho gida. Kullum amsarsa guda ce, ita ce wannan da gwaggo ta haddace: "Saura kaɗan, Inna, ban gama kallo ba."

Gwaggo ta daɗe tana kallon wayar. Sa'an nan ta ce, "Ashe kiransa ake yi." Ta share ido da bakin zane, ta ce mini in gaya wa tsohuwar cewa wannan karon ma sai da ya ja musu rai kafin ya tafi.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da iyayensa a gidan rahama. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.